Goggo Ta Ba Shi Baya

Iskandariya, ƙasar Masar
Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, ƙarfe 4:20 na yamma agogon nan

Zuwa ga Bappa Hayatu, Demsawo, Jimeta.

Assalamu alaikum. Bappa, ina gaishe ku, da fatan kuna lafiya, ku da Yusrah da duk mutanen gida, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ina rubuta wannan a ɗaki mai lamba 312, hawa na uku, takarda a kan cinyata. Kun ce ba ku son saƙon murya, don haka zan ɗauki hoton wasiƙar in tura wayar Yusrah ta kai muku.

Goggo Na'inna lafiya lau. Ƙafarta ta dama ta ɗan kumbura a bas, awa uku da minti goma daga Alƙahira, amma tana shan maganinta a kan lokaci.

Mu ashirin da huɗu ne: matan kasuwar Jimeta ashirin da ɗaya, Goggo, ni, da madugunmu Alhaji Bawa. Alhaji Bawa yana tafe da koren ƙyalle a kan sanda da usur a wuya, yana kaɗa mu kamar mai kai awaki rafi. Fasfunanmu duka suna jakarsa. Matan kuwa, tun da muka sauka ban ga wadda ta kalli wani abu da idonta ba. Duk inda aka kai su, baya suke ba shi su ɗauki hoto. Da muka fito bakin teku, Hajiya Munirat mai atamfa ta ce, "Wannan ne? Ai Binuwai ne da aka manta a yi masa ƙetare." Duk suka bushe da dariya, suka koma neman inda ake sayar da mayafai.

Yanzu maganar Yaya Usama. Zan jera abin da na sani, ku gyara mini in na yi kuskure. Yaya Usama ɗan farin Goggo ne, ku kuka riƙe shi tun yaye. Yana Mubi wurin mahaifinsa lokacin da garin ya faɗi hannun 'yan bindiga a 2014, bayan haka kuka turo shi nan karatun likita. Ina shekara goma sha huɗu lokacin, sau uku kawai na taɓa ganinsa. Kun ba ni sunan asibitin da kuka ce yana aiki. Na je yau ƙarfe 10:15, lokacin da sauran suke ziyarar masallaci. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta sau biyu, ta kira wani dattijo shi ma ya duba. Ba su da likita mai wannan suna, ba su taɓa yi ba.

Sai abu na biyu, wanda wataƙila ba komai ba ne. Ƙarfe 12:35 aka sauke mu a tsohuwar ganuwar da ke bakin ruwa. A hanyar shiga akwai masu talla. Cikinsu akwai wani baƙar fata, dogo, siriri, yana sayar da sarƙoƙin katantanwar teku a kan tabarma. Hajiya Munirat ta tsaya a kansa ta ce da ƙarfi, "Ku zo ku ga ɗan'uwanku! Ya bar garinsu ya ƙetare duniya don ya sayar da ƙwanson dodon koɗi. Abeg, ko a Jambutu ai sai a samu." Suka kewaye shi suna taya kaya don wasa, wata har ta ɗauki hoto da shi. Da wata ta ajiye sarƙar da ta ɗauka, sai na ji ya ce, "Useko, Hajja." Godiya ce da Fulatanci, kuma na tabbata abin da na ji ke nan. Su ba su lura ba, surutu ya yi yawa.

Na waiwaya in ga Goggo. Ta riga ta juya, ta ja mayafi, ta ba shi baya tana fuskantar ruwa. Haka ta tsaya minti ashirin da biyar har aka busa usur. Ko sau ɗaya ba ta dube shi ba. Don haka na yanke cewa ba shi ba ne, domin uwar da ta shekara tara ba ta ga ɗanta ba ba za ta tsaya kallon ruwa ba. Kuma an ce akwai Fulani da Hausawan Sudan da yawa a garin nan.

Duk da haka ba na son in bar abu a rataye. Ku gaya mini ko Yaya Usama yana da wata alama a jiki, tabo ko wushirya, ku kuma turo hotonsa na kwanan nan. Ba zan tunkari mutum da zato ba. Jibi Alhamis ƙarfe tara na safe bas zai bar garin nan.

'Yarku,
Rumasa'u

Iskandariya
Laraba, 15 ga Nuwamba, ƙarfe 1:05 na rana

Bappa, barka da rana, da fatan an tashi lafiya. Goggo ba ta ci kifin jiya ba, yau ma shayi kawai ta sha. Ta ce cikinta ne.

Awa ashirin da minti arba'in da biyar ke nan, ban ji daga gare ku ba. Alamar waya ta nuna Yusrah ta buɗe wasiƙar tun jiya da magariba.

Yau an kai mu babban ɗakin karatu na garin. Minti goma sha ɗaya suka yi a ciki, tara daga ciki a layin banɗaki. Daga nan Alhaji Bawa ya ba da awa biyu kowa ya yi abin da yake so, daga sha ɗaya zuwa ɗaya. Ganuwar ba ta da nisa daga nan, na tambaya, minti goma sha biyar ne a tasi. Na yi tunanin komawa, amma me zan ce wa mutumin ba tare da hujja ba? Sai na zauna da Goggo a kan benci ina duba waya, su kuma suka tafi sayen turare.

Tun safe suke damun ta. "Hajja, ina likitanmu? Ba zai zo ya auna mu kyauta ba?" Hajiya Munirat ta ce ta riga ta gaya wa ƙanwarta a Nassarawo cewa za ta kawo mata lambarsa, tana da 'ya budurwa. Goggo amsa ɗaya take ba su: "Ku tambayi Hayatu, ɗansa ne."

Akwai wani ƙunshi a jakarta da ba ta kwance ba tun Yola. Na tambaye ta, ta ce saƙon wani ne.

Ku amsa, don Allah.

Rumasa'u

Demsawo, Jimeta
Laraba da safe

Rumasa'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Babu wuta tun jiya, wayar Yusrah ta mutu, sai ta kai caji shago kafin wannan ta same ki. Ki gaishe da Goggonki.

Na karanta rahotonki, Malama mai digiri. Shekara talatin da biyar na yi a ofis, ban taɓa ganin fayil mai yawan lambobi da ƙarancin hankali irin wannan ba. Lambar ɗaki, hawa na uku, 12:35. An tura ki ki riƙe wa tsohuwa jaka, kin zama ɗan sandan ciki.

Wa ya ce ki je asibiti ki buɗe bakinki? Na ba ki sunan ne don in matan nan sun tambaya ki sami abin faɗa. Likita yana zama wuri ɗaya ne? An yi masa canji, shi ke nan. Kuma na ga kin rubuta cewa kin je lokacin da suke masallaci, wato duk sun san inda kika tafi da abin da kika samo. Munirat kuwa na san ta tun tana talla a bakin tasha. Abin da ya shiga kunnenta da hantsi, kafin azahar ya gama zaga Jimeta har Yola cikin gari.

Ni tun farko ban ga amfanin tafiyar nan ba. Mata sun tara kansu sun bi Bawa, mutumin da ko taswirar Adamawa bai iya karantawa ba, wai za su ga duniya. Na'inna ce ta nace, ita da ba ta taɓa nacewa a kan komai ba.

Maganar mai katantanwa, ki bar ta. Usama ba shi da wata alama, kuma hoton da nake da shi tsoho ne. Kada ki koma ganuwar nan. Kada ki kai Goggonki. Ita ba ta ce komai ba, ke ma ki yi shiru.

Kin ce minti ashirin da biyar ta tsaya? Tun kafin ya yi magana ta juya, ko bayan ya yi? Kuma kin ce siriri. Siriri na halitta, ko na rashin lafiya? Ba don komai nake tambaya ba.

Bappanki,
Hayatu

Iskandariya
Laraba, ƙarfe 5:40 na yamma, bayan sallar magariba

Bappa, ina gaisuwa. Goggo ta sha maganin yamma.

Wasiƙarku ta shigo ƙarfe 3:30, muna wani lambu a can ƙarshen gari ta gabas, inda aka yi awa ɗaya ana gardamar wadda za ta tsaya a tsakiyar hoto. Gyara ɗaya tukuna: ba wanda ya san na je asibiti. Na ce musu kantin magani zan je. Ban rubuta cewa sun sani ba, ku sake dubawa.

Amsar tambayarku: tun kafin ya yi magana ta juya. Na karanta tambayoyin nan naku sau huɗu. Mutumin da ya tabbata ɗansa yana asibiti da farar riga ba ya tambayar ramar mai talla.

Da muka dawo ɗaki na rufe ƙofa na ce, "Goggo, mutumin jiya, Yaya Usama ne?"

Ta ce, "Ke wace irin tarbiyya aka yi miki a Damilu? Ana tambayar mace ɗan fari?"

Na ce, "Goggo, gobe ƙarfe tara za mu tafi."

Ta daɗe tana gyara bakin zanenta. Sannan ta ce, "Takalmin ɗan Hayatu ya tsage ta dunduniyar hagu. Kuma wannan rigar ba ta isa sanyin nan ba."

Ni da na tsaya a gabansa ina kallonsa ban ga takalmin ba.

Na san ana kunyar ɗan fari, Bappa. Na san ba ta kiran sunansa, ba ta taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, shi ya sa ma aka ba ku shi. Na ɗauka abin na cikin gida ne, na zaman tsakar gida da baƙi. Ban san tana bin mace har bakin tekun Masar ba. Da baƙo ne, da ta dube shi kamar yadda kowa ya dube shi. Ku kun gane haka tun layin farko, domin kun san ta shekara arba'in. Kuka gane, kuka ce in yi shiru.

Awa biyu na samu yau, na ɓatar da su a kan benci ina jiran hujja daga wurinku. Yanzu rana ta faɗi, na tambayi mai karɓar baƙi na otal, ya ce masu tallan ganuwa da magariba suke tashi. Na roƙi Alhaji Bawa ya jinkirta bas zuwa sha ɗaya gobe, ban gaya masa dalili ba. Ya ce, "Malama, tsari tsari ne," shi da ya sa muka jira shi minti hamsin jiya yana cinikin agogo.

Gobe da sassafe zan kai ta. Ba izini nake nema ba, ina sanar da ku ne.

Rumasa'u

Demsawo
Laraba bayan isha'i

Rumasa'u,

Lafiya lau. An kawo wuta.

To, tun da kin zama alƙali, ga shari'a. A 2019 ya kira ni ya ce ya faɗi jarrabawa sau biyu, an sallame shi, yana so ya dawo. Ya ce ba ya iya barci, in ya buɗe littafi hanyar da suka bi daga Mubi yake gani, da inda suka bar mahaifinsa. Na ce masa kowa ya ga abin da ya gani, ba shi kaɗai ba. Na ce kada ya taka Jimeta sai da takardar likita a hannu. Abin da kowane uba zai faɗa ke nan. Ni na tsaya a masallacin unguwa na ce ɗana zai dawo likita, aka yi addu'a, aka shafa. Bayan wannan kiran ya canza lamba.

Na'inna ba ta taɓa tambayata ba, ni kuma ban ga dalilin ɗora mata ba.

Ke yarinya ce, jiya kika cire rigar kammala karatu. Ba ki san abin da ake nufi da mutum ya fita ƙofar gidansa a dube shi ba. In kin kai ta, ki kai ta a ɓoye. Kada Munirat ta ji. Wannan kaɗai nake roƙo, ni da ban saba roƙon yara ba.

Hayatu

Cikin bas, hanyar Alƙahira
Alhamis, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 10:40 na safe

Bappa, ina kwana. Ku yi haƙuri da rubutun, mota tana tafiya. Goggo tana gefena ta taga, idonta biyu.

Mun bar otal ƙarfe 6:50, mun isa ganuwa 7:10. Ba kowa sai masunta da wani tsoho Bamisire mai shayi, wanda teburinsa yake dab da inda tabarmar take shekaranjiya. Na yi masa magana da Larabcin Islamiyya, ya yi dariya, amma ya gane. Ya ce masu talla ba sa fitowa sai tara ko goma, lokacin da motocin baƙi suke fara zuwa.

Na tambaye shi baƙin mai katantanwa. Ga abin da ya ce, na sa ya maimaita don kada in ƙara ko in rage. Ranar Talata, muna tafiya ya naɗe tabarmarsa ya bar wurin. Jiya Laraba ya dawo ƙarfe takwas ba kaya, ya yi aski, ya sa farar jallabiya wadda mai shayin bai taɓa ganinsa da ita ba. Ya zauna a kan dakalin da ke fuskantar inda bas-bas suke tsayawa. Duk motar da ta tsaya sai ya miƙe. Bai ci komai ba, shayi biyu ya sha. Bai tashi ba sai da aka kira magariba.

Daga sha ɗaya zuwa ɗaya yana nan a zaune, Bappa. Minti goma sha biyar a tasi.

Na fassara wa Goggo duka, ban rage ba. Ta zauna a kan dakalin. Muka jira har 8:30, Alhaji Bawa ya kira sau shida. Sai ta ciro ƙunshin nan ta miƙa wa mai shayi. Ya karɓa, ya ce masu talla baƙaƙe uku ne a wurin, yana so ya tabbata, wa zai ba? Na buɗe baki zan amsa, Goggo ta riga ni. Ta ce, "Usama." Da ƙarfi ta faɗa, har masuncin da ke kusa ya waiwayo. Mai shayi ya ce na'am, sunansa ke nan. Na rubuta lambata da ta Yusrah a takarda na cusa cikin ƙunshin.

Mun iso bas 8:56. Muna hawa Hajiya Munirat ta ce, "Oho, an je gaida likita a ɓoye, don kada mu roƙi allura!" Na yi niyyar cewa kantin magani. Goggo ta tsaya a tsakiyar mota, ta riƙe kujera, ta ce, "Mai katantanwar nan da kika tara masa mutane, ni na haife shi." Ta wuce ta zauna.

Yanzu haka ina ganin Hajiya Munirat ta sunkuya tana yi wa waya raɗa, don haka ina jin labarin zai riga wasiƙar nan isa Demsawo. Roƙonku ban karya shi ba, amma ba zan ce na yi baƙin ciki ba.

Ga abin da ban sani ba har yanzu:

Ko ya fito yau, bayan tafiyarmu.

Inda yake kwana, da ko yana da takardun zama, da ko ramar ta ciwo ce.

Abin da ke cikin ƙunshin. Ban tambaya ba.

Ko mai shayi zai ba shi, ko kuma zai kira in ya karɓa.

Ko ya san mahaifiyarsa ta gane shi, ko kuwa ya ɗauka ta ba shi baya ne saboda katantanwa.

Ko har yanzu maganarku ta 2019 yake bi. In wayar Yusrah ta yi ƙara aka miƙo muku, ban san abin da za ku ce masa ba.

Rumasa'u